Babi na Bakwai: John Goodenough da Batirin da Ke Aljihunka

A kusan kowace kasuwa ta ƙasar Hausa akwai rumfar mai caji. Za ka same shi a gindin allon katako da aka jera wa soket birjik, wayoyi kwance layi-layi, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai wayar kuma ya tafi da irin lambar a aljihunsa. Janareta na ruri a bayan rumfa, ko kuma, a 'yan shekarun nan, allon sola na shan rana a kan kwano. Idan batirin wayarka ya kumbura har ya ɗaga murfi, mai caji ne zai fara ce maka ka canza shi tun bai jawo maka asara ba. Hajar wannan bawan Allah ita ce wutar lantarkin da mutum zai sa a aljihu ya tafi da ita gona ko tasha, ta yi masa aiki har dare. Shekara 50 da suka wuce, babu wanda ya san yadda za a tara wuta mai yawa haka a cikin abu ƙarami mara nauyi.

Tun da daɗewa samar da lantarki ya fi adana shi sauƙi. Batirin dalma da ruwan batir, wanda har yau shi ke tayar da mota, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859. Batiri ne mai amana, sai dai duk wanda ya taɓa ɗaukarsa daga gareji zuwa wurin caji ya san nauyinsa a kafaɗa. Da a ce da irinsa ake kunna waya, da sai an haɗa kowace waya da baro. Mutane da yawa ne suka sa hannu wajen warware wannan matsala, amma akwai wanda sunansa ke fitowa a kowane mataki, wato John B. Goodenough. Labarinsa ya nuna abu guda ƙarara: binciken da ya fi taɓa rayuwar jama'a yakan tsiro ne daga shekarun da masani ya kwashe yana neman fahimtar abu tun daga tushe, tun kafin kowa ya san abin da fahimtar za ta haifa.

Yaron da karatu ya yi wa wuya

An haifi Goodenough a ranar 25 ga Yuli, 1922, a birnin Jena na ƙasar Jamus. Iyayensa Amurkawa ne, mahaifinsa kuma daga baya ya zama malamin tarihin addinai a Jami'ar Yale. Duk da gidan ilimi ya fito, yaron ya taso da larurar nan da ke sa haruffa su riƙa rikice wa mutum idan yana karatu, a zamanin da ba a san ta sosai ba. Da kansa ya yi ta fama har ya iya karatu, ya shiga Yale ya karanci lissafi. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi aikin soja, inda ya zama mai hasashen yanayi ga jiragen saman Amurka.

Bayan yaƙi ya samu gurbin karanta kimiyyar fiziks a Jami'ar Chicago. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda wani malami ya tarbe shi da cewa ya makara, domin duk wanda ya yi abin a zo a gani a wannan fanni ya riga ya yi shi kafin ya kai shekarunsa. Gemu dai ba ya hana ilimi. Ya kammala digirin digirgir a 1952 a ƙarƙashin Clarence Zener, aikin da aka fi saninsa da shi kuwa bai zo ba sai da ya kai shekara 57.

Shekara 24 a kan tambaya guda

Daga Chicago ya wuce ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin cibiyar fasaha ta MIT, inda ya zauna daga 1952 zuwa 1976. Babu maganar batiri a aikin da aka ɗauke shi. Rundunar sojan saman Amurka na son kwamfuta mai saurin tuna bayanai domin tsaron sararin samaniya, kuma a wancan zamani ana adana bayanan ne a cikin wasu ƙananan zobba masu maganaɗiso, waɗanda aka yi da ƙarfe haɗe da iskar oksijin. Irin wannan haɗi na ƙarfe da oksijin shi masana ke kira oksaid. Tsatsar da ke cin kwanon rufi ma ɗaya ce daga cikin danginsa.

Aikin ya yi nasara, amma tambayar da ta kama zuciyar Goodenough ta wuce buƙatar sojoji. Me ya sa wani oksaid ke barin lantarki ya ratsa shi, wani kuma ya hana? Me ya sa wani ke da maganaɗiso, ɗan'uwansa da suka yi kama ba shi da shi? Ya bi diddigin yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa a cikin waɗannan sinadarai, da yadda ƙananan ƙwayoyin lantarki, wato ilektiron, ke zirga-zirga tsakanin ƙarfe da oksijin. Daga nan aka samu ƙa'idojin da har yau ake koyarwa da sunansa da na wani masani ɗan Japan, Junjiro Kanamori, kuma a 1963 ya wallafa littafi a kan alaƙar maganaɗiso da yadda sinadarai ke ɗaure juna. Wanda ya leƙa ofishinsa a lokacin ya tambaye shi amfanin wannan aiki ga talaka, da wuya ya samu amsar da za ta gamsar da shi. Amsar tana nan tafe, sai dai da sauran shekaru.

Da man fetur ya yi tsada

A 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka taƙaita sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta, farashi ya yi tashin gwauron zabo, motoci suka yi dogayen layuka a gidajen mai. Hankalin gwamnatoci da kamfanoni ya koma kan neman wata hanyar makamashi. Kamfanin mai na Exxon da kansa ya riga ya ɗauki masana, cikinsu har da wani Bature ɗan Ingila, Stanley Whittingham, wanda ya haɗa batirin litiyum na farko da ake iya sake yi wa caji.

Dalilin zaɓen litiyum a fili yake. Shi ne ƙarfe mafi rashin nauyi a duniya, har yakan yi iyo a kan ruwa, kuma yana sakin ilektiron ɗinsa cikin sauƙi. Kowane batiri yana da ɓangare biyu, mai alamar ƙari da mai alamar ragi, da wani ruwa a tsakaninsu. Whittingham ya sa zallar ƙarfen litiyum a ɓangaren ragi, a ɓangaren ƙari kuma ya sa haɗin titaniyum da farar wuta, wanda ƙirarsa hawa-hawa ce, da sarari tsakanin kowane hawa. Ƙwayoyin litiyum suna shiga wannan sarari su zauna idan batiri na aiki, su fita idan ana caji, kamar yadda tantabaru ke barin ɗakinsu da safe su dawo da yamma, ɗakin kuma yana nan yadda yake. Wannan shiga da fita ba tare da rushe mazauni ba shi ne sirrin batirin da za a yi wa caji sau ɗaruruwa.

Matsala biyu ta taso. Ƙarfin batirin bai wuce bolt 2 da 'yan kai ba. Ta biyun ta fi muni: duk lokacin da aka yi caji, zallar litiyum ɗin yakan fitar da wasu siraran tsinke masu tsawo a hankali, har su huda su taɓo ɗaya ɓangaren, sai wuta ta tashi. Da farashin mai ya sauko a farkon shekarun 1980, Exxon ya janye daga harkar.

Oxford, 1980

A 1976 Goodenough ya koma Ingila ya zama shugaban wani babban ɗakin binciken sinadarai a Jami'ar Oxford, duk da cewa digirinsa ba na wannan fanni ba ne. Da ya duba batirin Whittingham, sai shekarun nan 24 suka yi magana. Ya san cewa oksijin ya fi farar wuta riƙe ilektiron gam, saboda haka idan aka yi ɓangaren ƙari da oksaid, tazarar ƙarfi tsakanin ɓangarorin biyu za ta ƙaru, batiri ya ba da wuta mai ƙarfi. Ya kuma san waɗanne oksaid ne ke da ƙira hawa-hawa. Bai yi lalube a duhu ba. Ya san ɗan jerin sinadaran da ya kamata a gwada.

Tare da Koichi Mizushima, wanda ya zo daga Jami'ar Tokyo, da Philip Jones da Philip Wiseman, suka riƙa haɗa waɗannan sinadarai suna zare litiyum daga cikinsu kaɗan-kaɗan da lantarki, suna auna iya adadin da za a cire kafin ginin ya lalace. Haɗin litiyum da kobalt da oksijin ya ciri tuta. Ya ba da kusan bolt 4, kuma ana iya zare kusan rabin litiyum ɗinsa a mayar ba tare da ya rushe ba. Sun wallafa sakamakon a 1980.

Akwai wani alheri na biyu a cikin wannan sinadari, wanda ba kowa ya lura da shi nan take ba. Shi da kansa yana ɗauke da litiyum tun daga masana'anta. Ke nan ba dole ne a sa zallar ƙarfen litiyum mai haɗari a ɗaya ɓangaren ba. Ana iya haɗa batiri babu caji, a sa masa wani mazaunin da zai karɓi litiyum idan an jona shi da wuta. Kamfanonin batiri da aka tuntuɓa ba su nuna sha'awa ba. Jami'ar Oxford ma ba ta ga dalilin kashe kuɗi wajen yi wa aikin rajistar mallaka ba. A ƙarshe Goodenough ya sa hannu ya miƙa haƙƙin ga cibiyar binciken nukiliya ta gwamnatin Birtaniya da ke Harwell. Da kasuwa ta buɗe, cibiyar ta karɓi kuɗin lasisi, shi kuwa ko sisi bai samu ba daga wannan ƙirƙira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya burge waɗanda suka san shi shi ne bai bar wannan ya tsayar da shi ba.

Japan ta kammala ginin

Takardar da aka yi biris da ita a Turai ta samu mai karatu a Japan. Akira Yoshino, ma'aikaci a kamfanin Asahi Kasei, yana neman ɓangaren ƙari da zai dace da aikinsa, sai ya ci karo da ita. A 1985 ya haɗa sinadarin Goodenough da wani nau'in gawayi da ake samu daga tace man fetur, wanda shi ma yana iya karɓar litiyum a cikinsa. Batirin da ya fito babu zallar litiyum a cikinsa ko kaɗan. Don ya tabbatar, Yoshino ya sa aka sako ƙaton ƙarfe daga sama a kan batirin, bai kama da wuta ba, alhali irin na da ya yi bindiga da aka yi masa haka.

Afirka ma tana da hannu a wannan gini. Tun a 1980 wani ɗan Maroko, Rachid Yazami, yana bincike a birnin Grenoble na Faransa, ya nuna cewa litiyum na iya shiga ya fita daga girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir. Girafait ne ke ɓangaren ragi na mafi yawan batiran yau. A 1991 kamfanin Sony ya fitar da batirin kasuwa, daga nan kyamarar bidiyo, wayar hannu da kwamfutar tafi-da-gidanka suka fara raguwa a girma da nauyi. Wani nazari da masana a MIT suka fitar a 2021 ya nuna farashin irin wannan batiri ya faɗi da kusan kashi 97 cikin 100 tun daga 1991. Wannan faɗuwar farashi ce ta kawo waya hannun mai tura baro da mai tallar fura.

Itacen da ya yi rassa

Ana auna malami da ɗalibansa, a nan kuwa Goodenough ba shi da na biyu a fanninsa. Michael Thackeray ya zo Oxford daga Afirka ta Kudu a 1981, kuma a 1983 suka fito da wani sinadarin da aka yi da manganis, mai araha fiye da kobalt, wanda daga baya ya shiga injinan aikin hannu da motocin lantarki irin su Nissan Leaf. Da shekarun ritayar dole suka matso a Oxford, Goodenough ya ƙi ajiye aiki. A 1986, yana da shekara 64, ya koma Jami'ar Texas da ke Austin. A can shi da Arumugam Manthiram, ɗan Indiya, suka buɗe wata sabuwar hanya ta sinadarai, kuma a 1997 shi da ɗalibinsa Akshaya Padhi suka wallafa aikinsu a kan haɗin litiyum da baƙin ƙarfe da fosfet, wanda 'yan kasuwa ke kira LFP.

Ƙarfin LFP bai kai na kobalt ba, kuma da farko lantarki ba ya ratsa shi da sauri, sai da wasu masana, cikinsu har da Michel Armand, suka gano dabarar lulluɓe ƙwayoyinsa da gawayi. Amma ba ya buƙatar kobalt, yana jure zafi, da wuya ya kama da wuta, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai. Kamfanonin China irin su CATL da BYD sun rungume shi, yau shi ke tuƙa motocin bas da miliyoyin ƙananan motoci, shi ne kuma ke cikin manyan rumbunan da ke tara wutar rana da ta iska. Wanda ya sayi inbata a Kano ko Maraɗi a 'yan shekarun nan, mai shago ya ce masa ya daure ya ɗauki na litiyum domin ya fi na ruwa daɗewa, galibi wannan sinadari ne ya kai gida. A ƙasa mai zafi da yawan ɗauke wuta, batirin da ke jure rana ba ƙaramar ni'ima ba ce ga asibitin ƙauye da ke ajiye allurar rigakafi a firji.

Sinadarai uku ke nan daga manyan dangin da ake yin ɓangaren ƙari da su, kuma duka ukun daga ɗakin binciken mutum guda suka fito. Ba duk abin da ya taɓa ne ya zama zinariya ba. A 2017 shi da Maria Helena Braga suka sanar da wani batiri na gilashi, masana da dama suka nuna shakku a kan bayanin, kuma har yau bai shiga kasuwa ba. Haka ilimi yake tafiya: girman suna ba ya hana a binciki hujja.

A watan Oktoban 2019 aka ba Goodenough da Whittingham da Yoshino lambar yabo ta Nobel a kimiyyar sinadarai. Yana da shekara 97, babu wanda ya taɓa karɓar ta da irin waɗannan shekaru, kuma a lokacin bai daina zuwa ɗakin bincike ba. Ya rasu a Austin ranar 25 ga Yuni, 2023, saura wata guda ya cika shekara 101.

Dutse a wurinmu, ilimi a wurin wasu

Ba adalci ba ne a rufe labarin nan ba a faɗi wanda ya biya farashinsa ba. Fiye da kashi biyu cikin uku na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, musamman yankin Kolwezi. A 2016 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan yaran da ke aiki a ramukan haƙar hannu na can, suna shaƙar ƙura, suna ɗaukar buhunan da suka fi ƙarfinsu, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wayar da ke ɗauke da kobalt tana iya kasancewa da alaƙa da waɗannan ramuka, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka ƙara wa LFP daraja.

Maganar ta iso ƙofar gidanmu. An gano dutsen litiyum a jihohin Nasarawa, Kaduna, Kwara da Kogi, matasa sun bazama haƙa, kuma an riga an samu rahotannin sa yara aiki a wasu ramukan. A 2024 an buɗe masana'antar sarrafa dutsen a Jihar Nasarawa. Zimbabwe kuwa tun a ƙarshen 2022 ta hana fitar da ɗanyen dutsen daga ƙasarta. Waɗannan matakai ne masu kyau, amma niƙa dutse da wanke shi shi ne matakin ƙasa na tsanin. Riba mai tsoka tana hannun wanda ya san yadda ake mayar da garin dutsen ya zama sinadarin da zai riƙe wuta shekara goma, kuma wannan sani a ɗakin bincike ake samunsa.

Ingila ta ga abin da ke faruwa idan aka yi bincike babu masana'antar da za ta ɗauka: ita ta gano, Japan ta ci moriya. Mu kuma haɗarin da ke gabanmu shi ne mu zama masu dutse babu bincike babu masana'anta, mu sayar da buhu a kan araha, mu sayi batiri da tsada. Jami'o'inmu na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna da sassan fiziks da kimiyyar sinadarai, suna kuma da matasa masu kai. Abin da suke buƙata shi ne wuta a ɗakin gwaji, kayan aiki masu rai, albashin da zai zaunar da malami, da haƙurin shugabanni. Da an tsare Goodenough a 1960 an ce lallai ya nuna ribar aikinsa cikin shekara uku ko a rufe ɗakin, da labarin wannan babi ya sha bamban.

Kai kuma ɗalibin da ke zaune a ajin kimiyya kana ganin darasin ƙwayoyin zarra ba shi da alaƙa da tuwon gidanku, ka riƙe shi da kyau, ka fahimce shi har tushe. Masu riƙe da baitulmali kuma su ware wa bincike rabonsa, su ba shi lokaci. Ƙasar da ta ƙi biyan kuɗin ilimi yau, gobe za ta biya ninkinsa ga waɗanda suka yi karatun.